Ƙarfen da Baba Ya Binne

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun jiya suna zagin Kuswanto, na gani, na karanta duka, har da wadda ta ce in ba ta kwatancen gidansu. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan nan, abin da zan ba ku yau a gabana aka yi rabinsa. Ku ɗan riƙe zagin ku karanta tukuna.

*

Sau uku Narsih tana karanta takardar a wayar Malama Retno.

Zanenta ne, babu tantama. Ƙarfen hawan kwakwar da ta shekara biyu tana ƙerawa a bayan ɗakin girki, wanda masu tatsar ruwan bishiyar kwakwa suka sa wa suna Damƙau, don in ƙafar mutum ta zame a sama yakan damƙe bishiyar ya riƙe shi. Littafin zanen nan wata huɗu ke nan da ɓacewarsa daga ƙarƙashin katifarta, sai shekaranjiya yayanta Kuswanto ya amsa da bakinsa cewa shi ya ɗauka ya kai wa maigidansa Alhaji Darsono.

A ƙasan zanen an rubuta: Wanda ya ƙirƙira, Alhaji Darsono.

Ta miƙa wayar.

"Shi ke nan Malama, ya cinye."

"Bai cinye ba," in ji Malama Retno. Daga jami'ar cikin gari take, a ofishin da ke taimaka wa masu ƙananan sana'o'i su yi rajistar abin da suka ƙirƙira. "Rajistar ya nema da sunansa, ba a ba shi ba tukuna. An buga ne don duk mai ja ya fito ya yi magana. Saura kwana tara."

"To ai ina da hotuna! Har da bidiyon ranar da Kawu Sarkim ya hau da shi."

"Na gani. Amma ya riga ki shiri. Cewa ya yi a garejinsa kika ga samfurin, lokacin da kike koyon walda a can shekara uku da suka wuce. Ma'aikatansa za su shaida. Hotunanki duka bayan nan aka ɗauke su."

"Ƙarya yake wallahi! Ƙofofi da tagogi yake yi. Mutumin da ko tsani bai iya hawa ba!"

"Na yarda da ke. Amma can ba su san ki ba, ba su san shi ba, hujja suka sani. Ina son wani abu da ya girmi zamanki a garejinsa. Zane, wasiƙa, ko guntun ƙarfe."

Narsih ta girgiza kai. Ba ta da ko ɗaya.

Daga can gefen baranda mahaifinta Baba Tarsim ya yi gyaran murya. Yana kan keken guragunsa, yana goge ƙoƙunan kwakwar da Inna ke zuba mazarƙwailar ruwan kwakwa a ciki ta daskare. Shekara bakwai ke nan da ya faɗo daga bishiya, ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba.

"A bar masa," ya ce.

Narsih ta juyo.

"Na'am Baba?"

"Na ce a bar masa. Ilimi na Allah ne. Mu da muke so kowa ya hau lafiya ya sauko lafiya, me za mu yi da takardar da za ta kulle abu?"

Malama Retno ta jawo kujerarta kusa da shi, ta sassauta murya.

"Baba, ka ba ni izini in faɗi abu ɗaya."

"Faɗi, 'yata."

"In takardar nan ta fito da sunan Alhaji, gobe yana iya turo wa Narsih wasiƙa ya ce ta daina ƙerawa. A gidanku, da hannunta. Kuma doka tana bayansa."

Hannun Baba ya tsaya a kan ƙoƙon.

"In kuwa da sunanta ta fito, ita ke da ta cewa. Tana iya bai wa ƙungiyar masu tatsa izini kyauta su ƙera. Tana iya cewa duk wanda zai yi sai da ƙarfe mai kauri kaza, kada wani ya haɗa na banza ya kashe mutane da sunan Damƙau. Babban kamfani kuma in yana so, ya zo ya zauna da ita ya biya, ta samu abin ƙera na gaba."

Baba ya ajiye ƙoƙon, ya ɗauki wani.

"Watan jiya na je wani ƙauye bayan Ajibarang," ta ci gaba. "Wani tsoho ya gina murhun da ke cin rabin itacen da naku ke ci. Shekara biyar yana rufe da shi a ɗaki, ko surukinsa bai nuna wa ba. Na ce don me? Ya ce in masu kuɗi suka gani sun ƙwace. Irinsa suna da yawa Baba, duk sun zuba ido su ga yadda ta Narsih za ta ƙare."

"Na ji," ya ce. "Amma a bar masa."

Nan Narsih ta miƙe tsaye.

"Ba don ilimi ba ne Baba. Don Yaya Kus ne."

"Narsih."

"Kullum shi! Ya shiga ɗakina ya ɗauki littafina, ba ka ce masa ko kanzil ba. Shekara biyu ina ƙone yatsuna, ana min dariya a kasuwa wai mace da tabarau na walda, wa zai aure ta. Shi ko sau ɗaya bai taɓa leƙowa ya ga abin da nake yi ba. In na fito da ƙarfen ma tashi yake ya bar gidan, kamar na fito da mushe!"

"Ki yi shiru."

"Don kai na yi shi Baba! Don kada wata ta ga an shigo da ubanta a kan ƙyaure yadda na gani!"

Daga ɗakin girki aka ji ƙarar muciya a ƙasa.

Inna Rasiti ta fito cikin hayaƙi, tana goge hannu da zani. Ta bar ruwan kwakwar yana tafasa a kasko, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tun da na san ta.

Ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, faɗa mata."

"Rasiti, koma kan girkinki."

"Ka faɗa mata ko ni in faɗa. Na gaji. Shekara bakwai ina kallon 'ya'yana biyu suna cin abinci kamar baƙi."

Malama Retno ta fara tattara jakarta.

"Bari in ba ku wuri."

"Zauna 'yata," in ji Inna. "Abin da kike nema ne."

Baba ya kalli ƙafafunsa. Da ya yi magana, da ƙyar ake ji.

"Ba santsin ruwan sama ne ya kayar da ni ba."

Narsih ta koma ta zauna a hankali.

"Shekarar da Kawunki Dasim ya faɗo ya rasu, na kasa barci. Bishiya ashirin da biyar nake hawa da safe, in sake hawansu da yamma, kowace ina tunaninsa. Sai na fara zane a bayan kalanda. Ƙarfe mai baki biyu da zai rungumi bishiya, a ɗaura shi da ɗamara a ƙugu."

"Baba..."

"Ban iya walda ba. Yayanki lokacin shekararsa goma sha tara, watansa shida da fara koyo. Na ce ya haɗa min a ɓoye, kada mutane su yi min dariya. Ya ce Baba ban ƙware ba, bari in kai wa manya. Na ce kai nake so."

Ya shafa gwiwarsa.

"Ranar gwaji mu biyu ne a gona. Na kai kusan sama, na saki hannuna da gangan in ga ko zai riƙe. Ya riƙe, Narsih. Wallahi ya riƙe ni, har na yi masa dariya daga sama. Sai na ji ƙas."

Inna ta share ido da gefen zani.

"Shi ya ɗauko ni. Yana ta cewa ni na kashe Baba, waldata ce ta ɓalle. A asibiti na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Na ce da uwarki ta jefa ƙarfen a kogi."

"Ban jefa ba," in ji Inna.

Baba ya ɗago da sauri.

"Kin ce min kin jefa!"

"Kai ma ka ce wa duniya santsi ne. Kowa da tasa."

Narsih ta dafe kai da hannu biyu. Abubuwa suna ta dawo mata. Ranar da ta rasa yadda za ta lanƙwasa bakin ƙarfen, Baba daga kan kekensa ya ce, ɗan karkato shi ciki kamar ƙahon bauna. Ranar da ya ce kada ta sa ɗamarar a ciki, ta sa a ƙugu. Ita duk ta ɗauka shawarar tsohon mai hawa ce kawai.

"Shi ya sa kake cewa a bar masa," ta ce. "In aka fito da ƙarfen, an fito da Yaya."

"Garin nan ba ya mantuwa. Za a ce ga wanda ya gurgunta ubansa. Yana da mata, yana da 'ya."

"Ƙarfen yana ina, Inna?"

"Gindin ayabar bayan rijiya."

Narsih ba ta jira ba. Ta ɗauki fartanya ta yi bayan gida, Malama Retno na bin ta da takalminta mai tsini yana nutsewa a laka. Ni ma a nan na zagayo, don tun ɗazu ina jin komai ta katanga, ba zan ɓoye muku ba.

Ba ta yi zurfi sosai ba fartanyar ta daki abu.

Buhun taki ne, an naɗe shi da leda ninki uku. A ciki ga ƙarfe mai baki biyu ya yi tsatsa jawur, ga gwangwanin biskit an liƙe murfinsa da kyandir.

Suka kawo baranda. Inna ta sa wuƙa ta ɓalle murfin.

Takardar kalanda ce a ninke, shekarar na nan ɓaro-ɓaro a gabanta, zanen Baba da biro a bayanta. Ƙarƙashinta kuma takardar asibiti.

Malama Retno ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta cire tabarau.

"Inna, kin san abin da kika ajiye kuwa?"

"Ni ban iya karatu ba. Na dai ga hatimi, na ce abu mai hatimi ba a yar da shi."

"Likitan ya rubuta cewa an kawo shi da ɗamara mai ƙugiyar ƙarfe a ƙugunsa, sai da aka yanke ta. Ga kwanan wata, ga sa hannu. Shekara huɗu kafin Narsih ta taka garejin Alhaji!"

Ta ɗora kalandar kusa da wayarta. Bakin ƙarfen iri ɗaya, lanƙwasar iri ɗaya.

"Kuma ba ku taɓa nuna wa kowa ba, ba ku sayar ba?"

"Wa za mu nuna wa?" in ji Inna.

"Alhamdulillahi. Wannan ma ya taimake mu, ba za a ce abin ya daɗe a hannun jama'a ba."

Amma Narsih ba ta yi murna ba. 

"Ashe ba nawa ba ne," ta ce. "Na Baba ne. Ni kwaikwayo na yi ban sani ba."

"Kawo naki," in ji Malama.

Ta shiga ta ɗauko Damƙau, aka ajiye su gefe da gefe.

"Wannan haƙorin na biyu, akwai shi a na Baba?"

"Babu."

"Wannan wayar birkin babur da ke sa shi ya cije da kansa fa?"

"Ni na sa."

"To Baba ya fara, ke kika ƙarasa. Kusan duk abin da kika gani a duniya haka aka yi shi. Kuma takardar tana da layi fiye da ɗaya." Ta juya ga tsohon. "Baba, yaya ake rubuta cikakken sunanka?"

"Sunana? A ina?"

"A inda aka ce wanda ya ƙirƙira. Kai da 'yarka."

Baba ya yi wata 'yar dariya.

"Ni da na tsaya a aji uku? Ni da abin ya kayar?"

"Ba a tambayar aji a wurin."

Ya juya fuskarsa ga bango. Inna ta dafa kafaɗarsa.

"Amma yaron fa?" ya ce can. "Ba zan sayi suna da mutuncin ɗana ba."

Narsih ba ta ji shi ba. Ta ɗauki tsohon ƙarfen ta fita da shi rana, tana kankare tsatsar da bakin wuƙa. Ta juya shi. Ta sake juyawa. Ta tofa yawu ta goge da gefen riga.

"Baba."

"Na'am."

"Ka ce waldar ce ta ɓalle?"

"Haka ya ce."

"Ka duba da idonka?"

"Ina na ga ta dubawa, ina kwance?"

"Yaya fa, ya duba?"

"Ko kallon inda yake bai iya yi ba," in ji Inna. "Ni na tsince shi washegari."

Narsih ta dawo da sauri ta durƙusa gaban keken, ta ɗora masa ƙarfen a cinya.

"Taɓa nan. Ka ji wannan tudun? Waldarsa ke nan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Duk suna nan, ko tsaga babu. Ba ta da kyan gani, kamar kashin kaza, amma ta kama."

Baba ya bi wurin da yatsa.

"Yanzu taɓa nan. Nan ya karye, a tsakiyar sandar, nesa da walda. Dubi cikin, rami-rami ne kamar gara ta ci. Baba, a ina ka samo ƙarfen nan?"

Ya ɗage yatsansa daga kan ƙarfen.

"Tsohon gadon ƙarfen kakarki... wanda ya shekara a bayan gida ruwa na dukansa."

"Ƙarfen ne ruɓaɓɓe tun kafin Yaya ya taɓa shi. Ko ni na haɗa, ko wa ya haɗa, sai ya karye."

"Innalillahi," in ji Inna, ta zauna daɓas a ƙasa. "Shekara bakwai! Yaron nan shekara bakwai bai yarda ya ci abinci a kwano ɗaya da ubansa ba!"

Baba ya rungume ƙarfen a ƙirjinsa, tsatsar na ɓata masa riga. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka dawo da shi daga asibiti. Ranar nan na gani.

"Kira min shi," ya ce. "Narsih, kira min yayanki yanzu."

Ta danna lambar. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Ta sake. Ba a ɗauka ba.

"Fushi yake da ni, shekaranjiya na ce masa ɓarawo."

"Sake kira."

Tana cikin dannawa aka ji babur ya shigo layin a guje, kaji na watsewa. Ya tsaya a ƙofar gida har sai da ya kusa dukan rijiya.

Alhaji Darsono ne. Shi da ba ya zuwa ko masallaci sai a mota, yau ga shi a babur ɗin aro, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya.

Malama Retno ta yi maza ta rufe gwangwanin ta sa a jaka.

Narsih ta tare ƙofar.

"Alhaji, in wasiƙar lauya ka kawo, ajiye a nan ka juya."

"Ba... ba wannan ba ne." Yana haki kamar zai shiɗe. "Yayanki."

Inna ta miƙe.

"Me ya samu ɗana?"

"Baƙi suka zo daga birnin Semarang su ga ƙarfen. Na ce wani ma'aikaci ya hau ya nuna musu, Kuswanto ya hana. Ya ce babu wanda zai sake hawa a kan waldarsa sai shi."

Baba ya runtse ido.

"Ya hau doguwar kwakwar nan ta bayan gareji. Can sama ƙafarsa ta zame."

"Ya faɗo?" Inna ta ƙwalla.

"Bai faɗo ba! Ƙarfen ya riƙe shi, wallahi ya riƙe. Amma ya cije ya ƙi saki. Yana nan a rataye, kafaɗarsa ta goce, ɗamarar ta matse masa ciki. Mutum biyu sun hau sun kasa buɗewa. In aka yanke ɗamarar kuma..."



Narsih ta riga ta gane. Ɗan maɓallin da ke sa ƙarfen ya saki bayan ya cije, bayan ɓacewar littafin ta ƙirƙiro shi. Ba ya cikin zanen da aka sace.

"Tun yaushe yake sama?"

"Ya kusa rabin awa. Da yana magana. Yanzu ya daina."

Alhaji Darsono ya dubi Baba, ya dubi Malama, sannan ya durƙusa a cikin laka gaban yarinyar da ya ce a garejinsa ta yi sata.

"Ni ban san yadda abin nan yake aiki ba, Narsih. A gaban kowa na faɗa, ban sani ba. Don Allah."

Narsih ta ɗauki Damƙau ta rataya a kafaɗa, ta zari sifana biyu ta soke a ƙugu.

"Ke!" Inna ta riƙo hannunta. "Mace ba ta hawa kwakwa! Ki nuna wa maza su hau!"

"Babu lokacin koyarwa, Inna."

"Ba ki taɓa wuce rabin bishiya ba!"

"Rasiti, sake ta," in ji Baba.

Ya miƙo wa Narsih tsohon ƙarfen mai tsatsa.

"Tafi da wannan. In kin isa wurinsa, tun kafin ki kwance shi, ki sa masa a hannu ki ce ya taɓa waldar."

Ta karɓa ta cusa a riga, ta haye babur ɗin, ta dubi Alhaji da ke durƙushe.

"Miƙo makullin. Ni zan tuƙa."